Sunan Mai Ɗan Aike

Duk ranar da Inna za ta hau hanyar Junju, ni nake riga ta fitowa tsakar gida. In tsuguna gaban moto ɗinta, wato babur ɗin da take hawa, in matsa tayar gaba da babban yatsa, in matsa ta baya, in ja birki in saki. Ita kuma ta tsaya da jakar kwamfutarta, ordinatar, a kafaɗa tana jira in gama. Ba ta cewa komai. Ta san in ta ce jiya ma na duba, sai na sake dubawa daga farko.

Inna ɗiyata ce ta fari. Sunan mahaifiyata aka sa mata, shi ya sa sunan ya yi mini nauyi biyu: a wurinmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ɗa kuma ba ya kiran sunan uwarsa. Tun tana cikin zani nake ce mata Inna. Uwarta Ajuma kuwa “ke” take ce mata, ko “wannan yarinya”, har yau da ta yi karatu a Yamai ta dawo da takardar sanin aikin rezo, wato haɗa na'urori da intanet.

Ni karatuna bai wuce ƙaramar lakwal ba, wato firamare. Kamiyo, babbar motar kaya, na ja tsakanin Kutanu da Yamai har bayana ya gaji, na sauka na buɗe shagon tayoyi kusa da tashar Gaya. Hanya dai na san ta, na kuma san abin da take yi wa mutane. Na sha tsayawa in taya ɗaukar wanda ya bar gidansa lafiya lau da safe.

Aikin Inna a wani ƙaramin kamfani ne da ya saka rezo a ƙananan gidajen likita da ofisoshin ƙungiyoyin manoma, a Yelu da Tunuga da Junju. A kowane wuri akwai wani akwati mai fitilu masu ƙyaftawa, rutar suke ce masa. In ana so a canja masa wani abu, sai mutum ya je da kansa, ya haɗa waya tsakanin akwatin da ordinatar, ya rubuta masa umarni layi bayan layi a kan baƙin allo. Abin da ta rubuta a Yelu shi za ta je ta rubuta a Tunuga, shi kuma za ta kai Junju. Na taɓa ce mata, “To ba za a kira akwatin a waya a gaya masa ba?” Ta yi dariya har ta riƙe ciki, sannan ta tsaya tana kallona, kamar akwai magana a bakinta. Ba ta faɗa ba.

Wata Talata cikin damina ta tafi Junju. Hadari ya haɗu ta gabas tun kafin azahar. Na kasa zaman shago. Wani direba ya zo neman taya, na ba shi wadda ba girman motarsa ba, sai da ya ce, “Yakuba, yau lafiya kake?” Na kira wayarta, ba ta shiga. Na sake kira. Na yi sallar la'asar ban san surar da na karanta ba.

Rana na shirin faɗuwa ta shigo gida tana tura moto. Jar laka tun daga takalmi har hular kwano. Hannun rigarta na hagu ya yage, fatar gwiwar hannu ta saɓule.

“Ba komai ba ne, Baba,” ta ce tun kafin in buɗe baki. “Ruwa ne ya yanke hanya a wani kwari, taya ta zame. Ordinatar ma ba abin da ya same ta.”

“Ordinatar na tambaye ki?”

Ajuma ta kawo ruwan zafi da gishiri ta zaunar da ita a kan tabarma. Tana wanke ciwon tana faɗa, ba da ita ba, ba da ni ba, da hanyar Junju take faɗan. Ni kuwa na faɗi abin da na saba faɗi, cewa ta bar aikin nan, ko shago ne ta zo mu zauna tare. Inna ta sunkuyar da kai ta ce, “To, Baba.” Wannan “to” ɗin na san shi. Ba na yarda ba ne, na kada a ja magana ne.

Washegari Inna ta tashi da zazzaɓi, ba ta fita ba. Na sa babbar riga na nufi buro ɗinsu, wato ofishin aikinsu, ba tare da na gaya wa kowa ba. Niyyata in roƙi shef ɗinsu, shugabansu a aiki, ya cire ta daga masu hawa hanya. Ban same shi ba, ashe a Yamai yake zaune. Mushe suke ce masa, wato malam da Faransanci. Nazifi na tarar, abokin aikinta, magidanci mai surutu, wanda ke bin akwatunan bakin gulbi.

“Fofo, sannu da zuwa, Baba Yakuba! Yau tayoyi sun ba ka hutu? Yaya jikin Madam Rezo?”

Na ce da sauƙi. Na gaya masa abin da ya kawo ni. Ya sosa ƙeya, ya ja mini kujera.

“Baba, ai maganin hanyar nan yana hannunta. Tun kafin ruwan farko ta gama shi.”

“Wane magani?”

Ya juyo da ordinatar ɗinsa wajena. Rubutu ne tsibi, ban gane ko harafi ɗaya da ya haɗu da ɗan'uwansa ba.

“Wannan modil ne, ita ta rubuta shi. Ka san yadda mai mota ke ba ka saƙo: in ka kai Doso ka sauke kaza, ka tambayi wane, in ya ce maka kaza ka wuce, in bai ce ba ka dawo? To haka yake. Tana nan zaune a Gaya, shi zai bi rezo ya shiga akwatin Yelu, ya rubuta umarnin, ya saurari amsa, ya wuce Tunuga, ya wuce Junju. In akwati ya ba shi amsar da ba ita ba, ya mayar da komai yadda ya tarar, ya dawo ya faɗa. Mun gwada shi a kan akwatin buro. Wallahi ya fi ni hankali, ga shi ba ya shan esansi kamar moto.”

“To me ya kai ta Junju jiya?”

Nazifi ya rage murya, abin da ban taɓa ganin ya yi ba.

“Ba a yi masa rajista ba,” ya ce. “Akwai wani rumbu a intanet inda masu irin aikinmu na ko'ina suke ajiye waɗannan abubuwa. Babbar na'urar kamfani daga can kawai take ɗauko modil. Kuma shef ɗinmu, Mushe Hashimu, ya ce abin da zai shiga akwatunan mutane sai da cikakken sunan mai shi a kai, suna na gaskiya, wanda in abu ya lalace za a ce wane, zo ka duba. Kowa a duniya zai iya ganin sunan. Ita kuma ta ce ba za ta sa ba.”

“Saboda me?”

“Ta ce ta yi wa wani alkawari. Har cewa ta yi in sa nawa sunan. Na ce mata, Madam, in wani daga ƙasar Sin ya tambaye ni me ke cikin layi na kaza, in ce masa me? In ce ya gaida gida?”

Ya yi dariya. Ni ban yi ba, don na san wanda aka yi wa alkawarin.

Lokacin da za ta tafi karatu Yamai, hoton ɗiyar wani maƙwabcinmu yana yawo a wayoyin ƴan tasha. Hoto ne na biki, ba wani abin kunya a ciki, amma na ji irin maganganun da maza ke yi a kansa suna kiran sunan yarinyar da na ubanta. A ranar da na raka Inna mota, na riƙe hannunta na ce, “Abu ɗaya nake roƙon ki. Kada sunanki ko fuskarki su shiga intanet ɗin nan.” Ta ce, “Na yi alkawari, Baba.” Shekaru sun wuce. Ni har na bar tunawa da maganar. Ita kuwa har yau hoton da ke kan wayarta na bishiyar mangwaron gidanmu ne.

Na ce wa Nazifi ya nuna mini rumbun. Ya buɗe. Sunaye ne jere, na Turawa, na Larabawa, wasu ban ma san ta inda ake fara karanta su ba. Ba hotuna sosai. A ƙarƙashin kowane abu mutane sun yi rubutu.

“Me suke cewa?”

“Wannan godiya yake yi. Wannan ya ce abin ya ƙi aiki a akwatinsa. Wannan kuma,” ya matso da fuska, “wannan dai ba shi da tarbiyya.”

“Ka gani!”

“Akwai su, Baba, ba zan ɓoye maka ba. Amma ban taɓa jin wanda rubutu ya saɓule wa gwiwar hannu ba.”

Na koma gida a ƙafa, ban ko tsayar da ɗan kabu-kabu mai moto ba. Na sami Ajuma a madafa tana gyaran kifin da aka kawo daga gulbi. Na tsuguna kusa da ita na gaya mata komai da ƙaramar murya, don Inna tana kwance a ɗaki.

“Ni na sani,” ta ce, ba ta ko ɗago ba.

“Kin sani kika yi shiru?”

“Malam, wa ke iya gaya maka magana a kan yarinyar nan? Da an ce rezo sai ka ce a bar aiki. Ta ce mini in ta tambaye ka, ba suna kaɗai za ka hana ba, har moto ɗin za ka ɗaure da sarƙa.” Ta watsa ƙayar kifi a kwano. “Kai kana tsoron hanya, kana tsoron bakin mutane, kana tsoron hadari. Ka zaɓi ɗaya ka bar mata sauran ta huta.”

“Suna ba abin wasa ba ne, Ajuma. In ya fita ba ya dawowa.”

“Mamacin da ka taya ɗauka a hanyar Doso, shi ya dawo?”

Na tashi na tafi shago.

Kwanakin da suka biyo ban ce wa Inna komai ba. Sau da yawa na zo bakin ƙofar ɗakinta, sai in tambaye ta jiki in wuce. Ina tuna fuskokin ƴan tasha a kan waccan wayar. Ina kuma tuna jar lakar da Ajuma ta kankare daga hular kwano. Duk wanda na tuna, sai ɗayan ya zo ya tsaya kusa da shi.

Ciwon ya fara bushewa ke nan aka kira ta daga gidan likitan Junju. Akwatinsu yana nan da rai, amma ya daina barin ordinatocinsu su aika sakamakon marasa lafiya zuwa Doso. Sai an gyara masa umarni. Da safe na fito na tarar har ta ɗaure jaka a bayan moto. Sama ta yi baƙi ta gabas, iska tana kaɗa ganyen mangwaro. Ta ja gefe ta ba ni wuri in duba tayoyi.

Ban tsuguna ba.

“Inna, kwance jakar nan. Kawo ordinatar ƙarƙashin rumfa.”

Ta dube ni, ta dubi uwarta da ke daka a gindin bishiya. Ajuma ta ci gaba da dakanta kamar ba ta ji ba.

“Baba, suna jira na.”

“Na sani. Na je wurin Nazifi.”

“Kai, Nazifi!” ta ce a hankali. “Bakinsa ba ya da ƙofa.”

Ta kwance jakar. Muka zauna a kan tabarma, ta ɗora ordinatar a kan wani tsohon turmi da aka kife. Ta buɗe wurin rajistar, tana yi tana gaya mini, yadda take yi mini bayani in na kasa gane saƙon waya.

“Nan sunan modil ɗin. Ɗan Aike na sa masa.”

“Ya dace da shi.”

“Nan irin akwatunan da yake iya magana da su. Nan kuma bayanin abin da yake yi, da Faransanci da Ingilishi. Duk na rubuta tun tuni, ajiye su kawai na yi.”

Ta gangara ƙasa. Sai ga wani fili fari, wani ɗan tsinke yana ƙyaftawa a farkonsa. Ta ɗauke hannuwanta ta ɗora a cinya.

“Nan ne, Baba.”

“Rubuta.”

“Ka san kowa zai gani? Ba Gaya kaɗai ba. Kuma in na sa, ko na goge daga baya, wani ya riga ya kwafa.”

“Na sani.”

“Wani zai iya zagi na.”

“Na ga mai zagin. Nazifi ya nuna mini shi.”

Ta yi ɗan murmushi, amma ba ta taɓa ordinatar ba. “Ni fa ba na so ka yarda yau saboda hadari, gobe rana ta fito ka kasa barci. In dai don ni ne, zan iya hanyar. Na saba.”

Na gane ba za ta rubuta ba. “Rubuta” da na ce bai ishe ta ba, don ta san irin “to” ɗinta ne, daga wurina ta koye shi. Hannu na riƙe na karɓi alkawarin nan, ba zai warware da kalma ɗaya da aka jefa ana kallon sama ba.

Sunan nan, tun da aka haife ta, a kunnen liman kaɗai na taɓa faɗinsa, ranar suna, da murya ƙasa-ƙasa. A lakwal Ajuma ce ta aika ƙanwarta ta rubuta ta. A gidan likita in aka tambaye ni, kati nake miƙawa. Na kalli ɗan tsinken da ke ƙyaftawa, don ba zan iya kallonta ba.

“Halimatussa'adiya,” na ce. “Rubuta Halimatussa'adiya Yakuba. Kada ki rage ko harafi ɗaya.”

Taɓarya ta tsaya a gindin mangwaro.

Inna ta sa bakin gyalenta ta goge ido, ta ce, “Ashe ka iya faɗinsa.”

“Rubuta kafin in manta.”

“Baba, sake faɗi, ban ji ƙarshen ba.”

“Ke, kada ki wuce gona da iri,” in ji Ajuma daga can. “Mutum ya yi shekaru yana tara shi, ki ce ya sake?”

Inna ta yi dariya da hawaye a fuska. Ta rubuta a hankali, da yatsa ɗaya, ita da ke buga rubutu kamar ruwa a kan kwano. Na bi haruffan da ido. Wannan kam na iya karantawa. Ta danna, allon ya ɗan yi tunani, sai ga Ɗan Aike a cikin rumbun, sunanta a ƙarƙashinsa, nawa a bayan nata.

Saura Mushe Hashimu ya duba ya ba babbar na'urar kamfani izinin ɗauka. Ta kira shi, aka ce yana taro. Ta bar masa saƙo. Muka zauna. Iska ta ƙaru, ta fara kwasar kwanonin wanke-wanke. Inna ta dubi moto.

“In bai amsa kafin azahar ba, dole in tafi, Baba. Akwai marasa lafiya.”

“Na ji.”

Na tashi na shiga ɗaki, na fito. Na gyara igiyar akuya da ba abin da ya same ta. Ajuma ta miƙo mini kunu, ta ce in zauna kafin in haƙa rami a tsakar gida da kai da kawowa. Yayyafi ya fara sauka lokacin da wayar ta yi ƙara. Na ji muryar namiji daga nesa yana cewa, “A ƙarshe dai! Me ya riƙe ki tun bazara?” Ta ce, “Shawara nake yi da gida, Mushe.”

Muka matsa cikin zaure saboda ruwa. Ta buɗe baƙin allon, ta rubuta layi ɗaya tak, ta ɗauke hannu. Sai rubutu ya fara zuba da kansa, layi na bin layi.

“Ya shiga Junju,” ta ce. “Ga shi yana gaida akwatin. Ga umarni na farko, ya karɓa. Ga na biyu.”

Ya tsaya. Na dubi Inna.

“Amsa yake jira, Baba. Rezo ɗin can yana da nauyi in ana ruwa.”

Sai ya ci gaba. Ya zuba wasu layuka, ya tsaya a kan wata kalma koriya. Ba a jima ba ma'aikaciyar gidan likitan ta kira, muryarta na fita har inda nake: “Madam, ya tafi! Kina ina ne, ban ga shigowarki ba?”

“Ina zauren gidanmu,” in ji Inna.

Ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Na tsaya a ƙofar zaure ina kallon yadda yake dukan sirdin moto, yana gangarowa ta tayoyin da ban duba ba. Na san yadda kwarin nan yake a wannan lokaci, ja wur, yana tafe da itace.

“Baba,” ta ce daga bayana, “ka san in akwati ya ƙone, ko tsawa ta kashe shi, sai an je da ƙafa. Ɗan Aike ba ya ɗaukar kaya.”

“Wannan ranar zan duba tayoyi.”

“Kuma in wani ya rubuto mini, zan karanta maka. Har da marasa tarbiyyar.”

“Su kam ki bar wa uwarki, ta fi ni iya amsa su.”

Na shiga ruwan na turo moto cikin zaure, na goge sirdin da hannun rigata. Ta rufe ordinatar ta mayar cikin jaka.

“Inna,” na ce, “tashi ki sha kunu, ya huce.”